Me ya sa mussa ke lasar hannunka?

Da na koma gida Horo Birni a hutun da ya wuce, na tarar ƙanwata ta daina barin mussar gidanmu ta raɓe ta. Wai wata ƙawarta ce ta gaya mata cewa kyanwar da ke lasar mutum ɗanɗana shi take yi, ranar da ta ji daɗi sai cizo. Mussar nan kuwa shekara uku ke nan tana tsaron rumbun geronmu daga ɓeraye, ba ta taɓa cizon kowa ba.

Amsar tana wurin uwar kyanwa. Da zarar ta haihu, lasa ce aikinta na farko: ta goge ’ya’yan, ta motsa su su yi numfashi. A makonnin farko ma ba sa iya fitsari ko kashi sai ta lashe musu ciki da gindi. Haka ’yar kyanwa ke tashi da sanin cewa mai lasar ka naka ne. Shi ya sa manyan kyanwoyin da suka shaƙu ke lasar juna a kai da wuya, inda harshen mutum kansa ba ya kaiwa, har warinsu ya zama ɗaya. Idan ta lashe ka, ta saka ka cikin dangi ke nan. Wanka take yi maka, ko da kai kana ganin ka fi ta tsafta.

Sai dai kada kanka ya kumbura. A zafin Afrilu na Sakkwato, gishirin zufa ma yana jan ta, haka ƙamshin kifi ko nonon da ya rage a yatsunka.

Kaushin da kake ji fa? Harshenta cike yake da ƙananan ƙayoyi masu lanƙwasa baya, waɗanda aka yi da sinadarin da ke cikin farcenka. A 2018, Alexis Noel da David Hu na jami’ar Georgia Tech a Amurka suka duba su da kyau, suka gano bakin kowace ƙaya yana da rami kamar ƙaramin ludayi. Ramin ne ke ɗibar miyau ya kai shi har fata ta cikin gashi. Wato mataji ne da buta a haɗe, kuma idan miyaun ya bushe jikinta ya yi sanyi.

A Islamiyya an koya mana cewa sauran ruwan da kyanwa ta sha mai tsarki ne. Gaskiya ne, amma tsarkin alwala daban, lafiyar rauni daban. Bakinta na ɗauke da ƙwayoyin cuta da kan sa ciwo ya kumbura ya yi ruwa. Mafi muni ita ce cutar haukan kare. Yawanci daga kare ake ɗaukar ta, amma kyanwa ma na kamuwa, kuma miyau a kan rauni ya isa. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya rayu. Don haka kada ka bari ta lashi ƙurji, yanka, ido ko baki. Idan baƙuwar kyanwa ta yi haka, ko ta cije ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, sannan ka gaya wa manya a kai ka asibiti a ranar. Ita ma ta gida tana da allurar rigakafi. Akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Idan kuma ka shafa man zafi ko maganin sauro, janye hannunka, don yana iya zame mata guba.

Ƙanwata dai ta saurare ni har ƙarshe, ta ce duk da haka harshen yana yi mata susa. Yanzu tsintsiyar kaba take ja mata a ƙasa, mussar na bi da gudu.