Mata Mawaƙa Masu Cin Gashin Kansu

Yanzu da wuya a shiga ɗakin kwanan ɗalibai ba a ji muryar wata mawaƙiyar ƙasar waje tana tashi daga wayar hannu ba. Iyaye da malamai suna ta gunaguni, amma hani bai yi magani ba. Abin da ya fi, a ganina, shi ne a nuna wa yara wadda ta cancanci a saurara. Ma'aunina kuwa shi ne a tambaya, wa ya tsara waƙar, wa kuma ke da ita bayan an buga faifai?

Turawa sun kasa mawaƙan zamani kashi biyu. Akwai na yayi, waɗanda manyan kamfanoni kan biya musu kuɗin ɗaukar murya da na talla, sa'an nan faifan ya zama na kamfani. Akwai kuma waɗanda su ke kira "indie", watau masu aiki da ƙaramin kamfani ko nasu na kansu.

Wadda na sa gaba ita ce Kate Bush ta Ingila. Babban kamfani ne ya ɗauke ta, amma ba ta bari ya ja ta da hanci ba. A 1978, tana da shekara 19, kamfanin ya zaɓi waƙar da za a fara fitarwa, ita kuwa ta kafe sai Wuthering Heights, wadda ta gina bisa littafin Emily Brontë. Waƙar ta zo ta ɗaya a Ingila, kafin ita kuwa ba macen da ta taɓa kai wa nan da waƙar da ta tsara ita kaɗai. Daga baya ta gina ɗakin ɗaukar murya nata, inda ta shirya faifan Hounds of Love na 1985. A 2022 wani wasan talabijin ya sa wata waƙa daga cikinsa, sai ga ta ta zo ta ɗaya bayan shekara 37, a kunnen yaran da ko haifarsu ba a yi ba sa'ad da aka rera ta. Da ya ke haƙƙin faifan yana hannunta, amfanin gonar bai wuce ta ba.

Malamin da ke son abin da zai tattauna da ajinsa, ya nemi Tracy Chapman ta Amurka. Duniya ta san ta ne a 1988, a filin Wembley na Landan, wajen bikin cikar Nelson Mandela shekara 70, shi yana kurkuku. Ita kaɗai ta tsaya, daga ita sai jitarta. Waƙarta Fast Car labari ne na yarinyar da ta bar makaranta don ta kula da uba mashayi. Kalmominta masu sauƙi ne, ɗalibin da ke koyon Turanci zai bi su ba wuya.

A cikin masu kamfanin kansu sosai, Ani DiFranco ta kafa nata a birnin Buffalo a 1990. Lalle jaruma ce, amma bakinta ba linzami, ba na ba ƙananan yara shawarar saurarenta. Taylor Swift kuwa, wadda 'yammata suka fi sani, ta sha wuya kan wannan magana ta mallaka. A 2019 aka sayar da kamfanin da ke riƙe da faifanta shida na farko, ta sake rera huɗu daga cikinsu tun daga tushe, sai a 2025 ta fanso na asalin da kuɗinta.

Mai son ta kusa da gida ya saurari Asa, wadda aka haifa a Faris ta girma a Ikko. Tana waƙa da Yarbanci da Turanci, faifanta na 2007 kuwa wani kamfani mai zaman kansa na Faransa ne ya buga shi. Da shi ya kamata a fara.