Makarantar 'Ya'yanmu da Ƙuri'armu

Da yawa daga cikinmu mun ɗauki siyasa abin mutanen birni ne, wadda ba ta zuwa ƙauye sai lokacin zaɓe. Amma siyasa tana shigowa har cikin gidajenmu. Duk ranar da aka koro yaro daga makaranta saboda kuɗi, ko ya zauna a ƙasa cikin ajin da iska ta yaye rufinsa, siyasa ce ta taɓa iyalinmu.

Abin da doka ta ce

A 1999 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ba da ilimi ga kowa, wato UBE, a Sakkwato. A 2004 aka mai da shi doka. Dokar ta ce kowane yaro a Nijeriya, mace ko namiji, zai yi karatun shekara 9 kyauta kuma dole: shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Ta hana karɓar kuɗin makaranta a waɗannan azuzuwa a makarantun gwamnati. Mu iyaye ma ba ta bar mu ba. Wanda ya ƙi sa ɗansa a makaranta, da farko za a tsawata masa. In ya sake, sai tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya.

Ina kuɗin yake maƙalewa?

Gwamnatin tarayya takan ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta domin wannan aiki, ta hannun hukumar UBEC. Amma jiha ba za ta karɓi rabonta ba sai ta ajiye nata kuɗin daidai da abin da za a ba ta. Jihohi da dama sun yi shekaru suna barin rabonsu a Abuja saboda ba su kawo nasu ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa makarantunmu ba benci, ba littattafai. A 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin miliyan 20 ba sa zuwa makaranta a Nijeriya. Tsadar rayuwa bayan cire tallafin man fetur a 2023 ta ƙara wa iyaye nauyi, kuma sau da yawa 'ya mace ake fara cirewa.

Me za mu iya yi?

Da fari, mu fara daga gida. Kada aikin gona ko talla ya cinye lokacin karatu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, mu shiga kwamitin kula da makaranta na ƙauyenmu, maza da mata. Mu ƙirga malamai da azuzuwa da yara, mu rubuta, mu kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Takardar da mutum 50 suka sa wa hannu ta fi kukan mutum ɗaya ƙarfi.

Na uku, in ɗan takara ya zo da gishiri da sabulu, mu tambaye shi: jiharmu ta biya nata kason? Yaushe za a turo mana malamai? Sabulu zai ƙare cikin mako biyu, amma gwamna zai yi shekara 4. Yaron da yake aji 1 yau, kafin wani zaɓe ya kai aji 5. Yaranmu kuwa suna kallonmu. In sun ga mun sayar da ƙuri'a, haka su ma za su taso.

Tambayoyi domin tattaunawa

A taron zumuntar mata ko na matasa, mu duba waɗannan tare:
Yara nawa ne a unguwarmu ba sa zuwa makaranta, kuma don me?
Wa za mu aika ya kai kukanmu cikin wannan wata?