Hannu ya warke, lissafi bai dawo ba

A Tanut ko Belbeji, in dattijo ya wayi gari bakinsa ya ɗan karkace, hannu ɗaya ya yi nauyi, kafin azahar kuma abin ya sake shi, sai a ce iska ce ta buge shi, a yi hamdala. Sau da yawa wannan ƙaramin bugun jini ne, wanda likitoci ke kira AVC: wata siririyar jijiya ta toshe a ƙwaƙwalwa, wani yanki ya rasa jini. Babban dalilinsa hawan jini, wato tansiyo.

Jiki kan murmure, amma ƙwaƙwalwa ba kullum take komawa yadda take ba. Mutumin da ya shekara 40 yana cinikin bisashe a kasuwar Bakin Birji, yana lissafin jaka da dala da ka, sai ga shi canji na rikita shi. Ya tuna farin 1984 dalla-dalla, amma ya manta ko ya sha maganin safe. Kalma ta tsaya masa a baki. Raka'o'in salla su ɓace masa. In mutum biyu na magana lokaci guda, ya kasa bin ko ɗaya, ga saurin gajiya da fushi.

A nan iyali ke kuskure. Wasu su ce tsufa ne, wasu su ce sammu. Ruɗewar tsufa a hankali take zuwa; wannan kuwa ana iya nuna makon da ta fara. Kuma in ƙananan bugun suka yi ta maimaituwa, ɓarnar taruwa take har mutum ya kasa riƙe gidansa.

Haɗarin babban bugu ya fi yawa a kwanakin farko, don haka ko alamun sun wuce, ranar za a tafi CSI ko asibitin gundumar Tanut, inda za a iya tura shi babban asibitin Damagaram, tafiyar kilomita kusan 140. Kada a ba shi asfirin a gida: in jijiyar fashewa ta yi, zubar jinin zai ƙaru.

Maganin tansiyo ba a barinsa don an ji sauƙi. A rage gishiri da Maggi a miya. A yi masa magana ɗaya bayan ɗaya, kuma kada a karɓe masa ciniki gaba ɗaya. A zaunar da ɗa ko jika kusa da shi yana duba lissafin.