Ko Kun Sani? Jinin Tarwaɗa da Maganin Ƙiba

Tarwaɗa na cikin kifayen da masunta ke kamawa a tabkin Tabalak na jihar Tawa, wanda aka sa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2005. Wannan tarwaɗar abin da Allah ya hore mata take ci. Ta kiwo kuwa sai abin da aka zuba mata, kuma wasu kan cuɗa abincinta da sinadarin sitiroyid don ta yi saurin girma.

Wanda ya fi shahara a kiwon kifi shi ne metiltestosteron. Asali don karfasa ake amfani da shi: a sa miligiram 60 a kilo ɗaya na abinci, a ciyar da 'ya'yan kifin mako uku zuwa huɗu, yawancinsu su zama maza, tunda namijin karfasa ya fi macen girma.

Idan aka zarce ƙima, ko aka daɗe ana bayarwa, hanta ce ke shan wahala, domin ita ke tace sinadarin. Mai saye a kasuwa ba zai gane ba. Kifin na nan sumul. Sai an ɗebi jini ta gindin wutsiya an auna jajaye da fararen ƙwayoyinsa, da sinadaran da hanta ke zubarwa cikin jini idan ta ji ciwo.

Dokar Tarayyar Turai ta 1996 ta haramta ba kifi irin wannan magani don ƙiba, ta bar ƙofa kawai ga sauya jinsi a watanni uku na farkon rayuwarsa.