Tsara Gwaji Kan Yadda Mutane Ke Daidaita Zaɓi Ba Tare da Magana Ba

Gabatarwa

Sau da yawa mutum biyu kan sami kansu cikin halin da nasarar kowannensu ta rataya a kan su zaɓi abu ɗaya, alhali babu hanyar da za su tuntuɓi juna. Misali, abokan tafiya biyu da suka ɓace wa juna a cikin cunkoso, kowanne zai yi tunanin inda ɗan'uwansa zai neme shi. Masana tattalin arziki da na halayyar ɗan'adam sun daɗe suna nazarin wannan al'amari ta hanyar gwaji, kuma ingancin sakamakonsu ya dogara ne kan yadda aka tsara gwajin.

Asalin Nazarin

Wanda ya buɗe wannan fage shi ne Thomas Schelling, masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Amurka, a cikin littafinsa mai suna The Strategy of Conflict na shekarar 1960. Ya tambayi wasu mutane a garin New Haven cewa, in an ce su haɗu da wani a birnin New York ba tare da an faɗi wuri ko lokaci ba, ina za su je, kuma da ƙarfe nawa? Mafi yawansu suka ambaci tashar jirgin ƙasa ta Grand Central, kuma kusan dukkansu suka ce ƙarfe 12 na rana. Irin wannan amsa da ke jan hankalin kowa ita ake kira fitaccen zaɓi. Damuwar Schelling ta wuce batun haɗuwa a tasha, domin a zamanin yaƙin cacar baka ya yi rubutun, yana neman sanin yadda abokan gaba kan tsaya a wata iyaka ba tare da yarjejeniya ba. An ba shi kyautar Nobel a 2005.

Sharuɗɗan Tsara Gwajin

Sharaɗi na farko shi ne hana sadarwa kowace iri. Akan raba mahalarta, kowa ya rubuta amsarsa shi kaɗai, kuma ba a sanar da shi wanda aka haɗa shi da shi. Na biyu, a ɗora lada a kan dacewar amsa, wato a biya mutum kuɗi in amsarsa ta yi daidai da ta abokinsa, don ya ɗauki aikin da muhimmanci. Na uku, a kula da jerin amsoshi a takarda, saboda abin da aka rubuta a farko kan ja ido don matsayinsa kawai.

Sharaɗi na huɗu ya fi sauran nauyi. Idan mutane da yawa suka ba da amsa ɗaya, ta yaya mai bincike zai gane ko tunanin juna suka yi, ko kuwa abin da ransu ke so ne ya zo ɗaya? Judith Mehta da Chris Starmer da Robert Sugden na Jami'ar East Anglia a Ingila sun warware wannan a binciken da suka wallafa a 1994. Sun kasa mahalarta gida biyu, suka ba su tambayoyi iri ɗaya. Rukunin farko an ce su amsa yadda suka ga dama, na biyu kuwa an ce su yi ƙoƙarin dacewa da wani da ba su sani ba. Da aka ce a ambaci launi, shuɗi ne ya rinjaya a rukunin farko, ja a na biyu. Da aka ce a faɗi lamba, 7 ta zo gaba a na farko, 1 a na biyu. Wannan bambanci shi ne hujjar cewa mutum kan ajiye son ransa ya nemi abin da yake zaton zai faɗo wa kowa a rai. Ba don rukunin farko ba, da ba a sami ma'aunin gane haka ba.

Iyakar Fitaccen Zaɓi

A 2008, Vincent Crawford da Uri Gneezy da Yuval Rottenstreich sun nemi ɗalibai a Chicago su zaɓi ɗaya daga dogayen benaye biyu na birnin. Lokacin da ladan kowa ya zama daidai, kimanin kashi 90 cikin 100 suka zaɓi sanannen benen da ake kira Sears Tower a wancan lokaci. Da aka sa ɗan bambanci, ɗaya ya sami dala 101 ɗaya kuma dala 100, sai dacewar ta faɗi zuwa kusan rabi. Ke nan tazarar dala ɗaya ta isa ta karkatar da hankalin mutum daga abin da ya haɗa su zuwa lissafin wanda zai fi cin riba.

Kammalawa

Fitaccen zaɓi yana tsirowa ne daga abin da mutane suka yi tarayya a kai na al'ada da sani. Tashar Grand Central ta fito fili ga mutanen New Haven domin nan jirginsu ke sauke su. Saboda haka, duk mai son maimaita gwajin a wata al'umma wajibi ne ya sake tambayoyin daidai da rayuwarta, ya daidaita lada, sannan ya tanadi rukunin kwatanci kafin ya yanke hukunci.