Sa ido kan hanyoyin intanet a Nijar: yadda ake yi, da yadda za a faɗe shi da Hausa

1. Gabatarwa

Wannan maƙala tana da manufa biyu. Ta farko ita ce bayyana yadda hukuma ke iya bin sawun abin da ke gudana a intanet ta hannun kamfanonin sadarwa. Ta biyu ita ce duba kalmomin da Hausa za ta riƙe wannan batu da su, tun da dokokin da suka shafe shi da Faransanci aka rubuta su, alhali mafi yawan waɗanda dokokin suka hau kansu ba sa karanta Faransanci. Za mu ɗauki misali daga yankin Arlit, cikin jihar Agadas, da ƙaramar hukumar Dannet da ke cikinsa.

2. Hanyar da saƙo ke bi

Saƙon da ya tashi daga salula ba ya isa wurin mai shi kai tsaye. Yana fara hawa eriyar da ta fi kusa, ya bi layin kamfani zuwa cibiyarsa, sannan ya fita ƙasar ta igiyar fiba. Nijar ba ta da gaɓar teku, saboda haka igiyoyinta sai sun ratsa ƙasashen maƙwabta. Ɗaya daga cikin sassan babbar igiyar da ta ratsa Sahara shi ne wanda ya tashi daga Arlit ya bi Asamaka zuwa iyakar Aljeriya.

A shekarar 2021 kamfanoni huɗu ne ke riƙe da salula a ƙasar: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom wanda ya gaji Orange, da Niger Telecom na gwamnati. Abin lura a nan shi ne, idan ƙofofi huɗu ne kaɗai, mai son ganin masu shiga da fita ba ya bukatar bin gida gida. Ya isa ya zauna a bakin ƙofa.

3. Abin da ake gani da wanda ba a gani

Ya kamata a rarrabe abu biyu: cikin saƙo da bayan saƙo. Cikin saƙo shi ne maganar kanta. Bayan saƙo, wanda Faransanci ke kira métadonnées, shi ne abin da ke rubuce a bayan ambulan: wa ya kira wa, da wane lokaci, tsawon minti nawa, daga wace eriya.

Tun shekarar 2016 WhatsApp ke kulle saƙonni ta yadda mai aikawa da mai karɓa ne kaɗai ke da mabuɗi. Kamfanin sadarwa ba ya iya karanta su. Amma yana ganin cewa an yi amfani da WhatsApp, da lokacin, da yawan abin da ya wuce. Kira na yau da kullum da saƙon SMS kuwa ba su da wannan kulli a cibiyar kamfani. Bugu da ƙari, tun da ana rajistar kowane layi da takardar shaidar mai shi, lamba ta zama suna.

A gari irin Arlit, inda rayuwa ta ginu kan ma'adinin uraniyom, bayan saƙo kaɗai na iya nuna wane ma'aikaci ne ke yawan magana da shugabannin ƙungiyar ƙwadago ko da ɗan jarida. A karkara irin Dannet, inda jama'a ba su da yawa kuma makiyaya ke zuwa inda rezo yake don su yi kira, sanin eriya da rana na iya isa a gane mutum da hanyar da ya biyo.

4. Abin da doka ta ce

Aya ta 29 ta kundin tsarin mulkin 2010 ta kare sirrin wasiƙu da na sadarwa. Ranar 29 ga Mayu 2020 Majalisar Dokoki ta amince da dokar tare wasu saƙonnin da ake aikawa ta na'ura, bayan wakilan adawa sun fice daga zauren. Dokar ta ba Shugaban ƙasa ikon ba da izinin tare saƙo saboda dalilai irin su tsaron ƙasa, yaƙi da ta'addanci da hana katsalandan daga waje, ta kuma kafa kwamitin da zai duba aikin. Masu goyon baya sun kafa hujja da hare-haren da ake kaiwa a Diffa da Tillaberi. Masu suka sun ce izinin bai bi ta hannun alƙali ba, kuma dalilan suna da faɗin da kusan komi zai iya shiga.

Kafin wannan akwai dokar laifuffukan intanet ta 2019. A 2022 an cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi, a watan Yuni 2024 kuma aka maido da shi. An dakatar da kundin 2010 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023.

Ba Nijar kaɗai ba ce. A Najeriya hukumar NCC ta fitar da ƙa'idojin tare saƙo a 2019, an toshe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, an kuma katse layukan waya a jihar Zamfara a Satumba 2021.

5. Matsalar kalmomi

A bakin jama'a jimla guda ke ɗaukar komi: "sun ɗauke rezo", ko "ana saurare". Amma ayyuka huɗu ne daban, kuma muna ba da shawarar a riƙe kalma huɗu:

(a) sa ido, wato bin bayan saƙo ba tare da buɗe shi ba;
(b) tare saƙo, wato kama cikinsa yana kan hanya;
(c) toshewa, wato rufe shafi ko manhaja guda, kamar yadda aka yi wa shafukan zumunta a Janairu 2015;
(d) katsewa, wato yanke hanyar baki ɗaya, kamar yadda aka yi wa intanet na salula kwana goma daga 24 ga Fabrairu 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa.

Bambancin yana da amfani. Toshewa da katsewa kowa na jin su a jikinsa, don haka ana iya yin ƙorafi. Sa ido da tare saƙo kuwa ba su da alama, wayar tana aiki lafiya lau.

Akwai kuma wani gefe da ya shafi masana harshe kai tsaye. Saƙon da aka tare sai an fahimce shi. Mutumin Arlit yakan haɗa Hausa da Tamajak da Faransanci a jimla guda, ya rubuta "ch" a gurbin "c" ko "sh", ya bar ƙugiyar ƙ da ɗ, ko ya aika da murya. Na'urar da ke neman kalma ɗai-ɗai ba ta san karin magana ba, ba ta san habaici ba. Wanda ya rubuta wa abokinsa "yau sai na kashe ka" cikin raha bai yi barazana ba. Idan aka kai irin wannan jimla gaban shari'a, makomar mutum na iya rataya ga wanda ya fassara ta.

6. Kammalawa

Kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa. Wannan matsayi zai yi ma'ana idan ɗan ƙasa ya iya karanta dokar da ta shafi wayarsa cikin harshen da yake ji. Saboda haka akwai aiki biyu a gaban sassan nazarin harsuna: fassara waɗannan dokoki zuwa Hausa da Tamajak da tsayayyun kalmomi, da horar da tafintocin kotu waɗanda suka san yadda mutane ke rubutu a salula.