Faɗan da Ake Yi a Kan Katin Ɗan Gudun Hijirar Falasɗinu

A watan Disamba na 1949 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya kafa wata hukuma ta wucin gadi domin ta ciyar da Falasɗinawa sama da 700,000 da yaƙin 1948 ya raba da gidajensu, abin da su kansu suke kira Nakba, wato masifa. Hukumar, wadda aka fi sani da UNRWA, ta fara aiki a watan Mayu na 1950, kuma waɗanda suka kafa ta sun ɗauka 'yan shekaru kaɗan za ta yi a rufe ta. Ga shi ta haura shekara 75, sunayen da ke cikin rajistarta sun kai kimanin miliyan 5.9.

Wanda ya ɗauke ta a matsayin ƙungiyar rabon shinkafa da barguna bai san ta ba. Tana da makarantu kusan 700 da ɗalibai wajen rabin miliyan, da ɗakunan shan magani kimanin 140, da ma'aikata wajen 30,000 waɗanda galibinsu 'yan gudun hijirar ne da kansu. Tana aiki a sansanoni 58 da ke Gaza, da Gaɓar Yammacin Kogin Jodan, da Jodan, da Labanan, da Siriya, har kwasar shara a wasunsu ita ke yi. Aikin gwamnati take yi, sai dai ba ta da ƙasa kuma ba ta karɓar haraji. Kusan duk kuɗinta gudunmawar ganin dama ce daga ƙasashe, alhali albashin malami da na ungozoma ba ya jiran ganin damar kowa. A nan rauninta yake, domin kayan aro ba ya rufe katara.

Masu son karya ta sun daɗe da gane haka. A 2018 gwamnatin Donald Trump ta yanke tallafin Amurka gaba ɗaya, bayan a shekarar da ta gabata ta bayar da kimanin dala miliyan 360. Joe Biden ya maido da shi a 2021. Sai ga Janairun 2024, lokacin da Isra'ila ta zargi ma'aikatan hukumar 12 da hannu a harin da Hamas ta kai ranar 7 ga Oktoba, 2023. Cikin 'yan kwanaki ƙasashe 16 suka dakatar da kuɗinsu, kimanin dala miliyan 450, tun kafin a kammala ko bincike ɗaya, a daidai lokacin da mutanen Gaza suka cika makarantun hukumar suna neman mafaka daga yaƙin da ya biyo bayan harin.

Adalci shi ne a ce zargin ba duka ne iska ba. Binciken cikin gida na Majalisar ya duba mutum 19, aka kori 9 a Agustan 2024 bisa cewa mai yiwuwa suna da hannu. Tun a 2014 ma hukumar da bakinta ta sanar cewa ta samu rokoki a ɓoye cikin wasu makarantunta da ba kowa a ciki. Amma mutum 9 cikin ma'aikata 13,000 da take da su a Gaza a lokacin ba su isa a ce tukunya duka ta lalace ba. Kwamitin da tsohuwar ministar harkokin wajen Faransa, Catherine Colonna, ta jagoranta ya ce Isra'ila ba ta kawo hujja ba a kan ikirarinta na cewa ɗimbin ma'aikatan 'yan ƙungiyoyin yaƙi ne, ko da yake ya ba da shawarwari 50 na gyara. Yawancin ƙasashen sun dawo da tallafinsu. Amurka ba ta dawo ba.

A ganina ainihin abin da ake faɗa a kansa shi ne katin rajista. Duk wanda sunansa ke cikin kundin UNRWA shaida ne mai rai cewa akwai gidan da aka baro a Yafa ko Haifa, kuma ƙuduri mai lamba 194 na 1948, wanda ya yi maganar komawa gida ko biyan diyya, bai mutu ba. Shugabannin Isra'ila ba sa ɓoye ƙorafinsu: sun ce hukumar na gadar wa jikoki matsayin gudun hijira, tana raya matsalar maimakon ta kashe ta. Wannan hujja ba ta da ƙarfin da ake zato. Yaron da aka haifa a sansanin Dadaab na Kenya ɗan gudun hijira ake rubuta shi, haka wanda aka haifa a Minawao ta Kamaru ga iyayen da suka tsere wa Boko Haram daga Barno. Matsayin yana bin zuri'a ne muddin ba a warware abin da ya kori iyaye ba, kuma warware shi aikin 'yan siyasa ne, ba na mai rabon fulawa ba.

Daga matsin kuɗi sai aka koma doka. Ranar 28 ga Oktoba, 2024 majalisar dokokin Isra'ila ta haramta wa hukumar aiki a yankunan da take ɗauka nata, ta kuma hana jami'anta yin kowace hulɗa da ita. Dokar ta fara aiki a ƙarshen Janairun 2025. Sashe na biyun ya fi cizo, domin ba motar da ke shiga Gaza, ba bizar da ake bai wa ma'aikaci, sai da sa hannun Isra'ila. A watan Mayu aka rufe makarantun hukumar shida a Gabashin Ƙudus.

Sakamakon ya fi fitowa fili a Gaza. Kafin yaƙi manyan motoci kimanin 500 ke shiga zirin kowace ranar aiki. Daga 2 ga Maris na 2025 aka toshe ƙofofi gaba ɗaya har kusan mako 11. Da aka buɗe, sai aka kawo wata sabuwar gidauniya mai suna GHF da goyon bayan Amurka da Isra'ila, aka ce ita za ta hana Hamas satar kayan agaji. Wawashe kaya dai ya faru. A Nuwamban 2024 'yan bindiga sun tare ayarin motoci 109 suka kwashe kusan duka. Sai dai maganin ya fi cutar muni. Inda a da ake da wuraren rabo kusan 400 a cikin unguwanni, ana kiran iyali da suna bisa rajista, GHF ta buɗe huɗu kacal a yankunan da soja ke tsare da su. Mutum ya yi tafiyar kilomita da dama da dare, a buɗe ƙofa, mai ƙarfi ya ɗauka. Tsohuwa da gwauruwa mai goyo da wanda aka yanke wa ƙafa ba su da rabo a irin wannan tsere. Zuwa ƙarshen Yuli ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙirga sama da mutum 1,000 da aka kashe wajen neman abinci, akasarinsu kusa da waɗannan wurare, adadin da gidauniyar ta musanta. Ranar 22 ga Agusta masu auna matakan yunwa na duniya suka ayyana bala'in yunwa a birnin Gaza da kewayensa. Kafin shekarar ta ƙare gidauniyar ta tattara kayanta.

Akwai asarar da kyamara ba ta ɗauka. Yara kusan 300,000 da ke makarantun hukumar a Gaza sun yi shekara biyu ba aji na sosai, a cikin al'ummar da ta yi suna da karatu. Ma'aikatanta sama da 300 sun mutu a yaƙin. A Labanan kuwa, inda doka ta hana Bafalasɗine mallakar gida da shiga sana'o'i da dama, mazaunin sansanin Ainul Hilwa kusan ba shi da wani asibiti ko makaranta da zai dogara da su in ba na UNRWA ba. Shi ya sa Jodan da Labanan suke firgita duk lokacin da aka ce asusun ya ƙafe: nauyin a kansu zai faɗo.

Wani abin mamaki, wasu Falasɗinawa ma suna da nasu ƙorafin. Suna cewa shekara da shekaru hukumar na ɗauke wa mai mamaya nauyin da dokar yaƙi ta ɗora masa na ciyar da mutanen da ke ƙarƙashin ikonsa, kuɗin Turai da na Larabawa na biyan bashin da ba nasu ba. Kotun Duniya da ke birnin Hague ta taɓo wannan a Oktoban 2025, kwanaki kaɗan bayan tsagaita wuta a Gaza, inda ta ce wajibi ne Isra'ila ta bar agaji ya shiga, har da na UNRWA. Ra'ayin shawara ne, ba shi da ɗan sandan da zai tilasta shi, kuma Isra'ila ta yi watsi da shi. A Disamba Babban Zauren ya sake sabunta wa'adin hukumar da wasu shekaru uku, da gagarumin rinjaye. Ƙuri'ar ba ta zo da ko sisi ba. Albashin malaman Ainul Hilwa da na sansanin Baƙa'a da ke Jodan har yanzu sai abin da masu bayarwa suka ga damar aikowa.